Ɗauka a Laftof, Editin a Kwamfutar Shago: Wane Lasisi Ya Dace da Kai?

Kusan duk matashin da ke sana'ar bidiyo a yau a waya ya fara. Ka sauke KineMaster ko CapCut, ka haɗa hotunan bikin abokinka, ka ɗora waƙa, ka tura a WhatsApp, aka yaba. Daga nan sai a fara kiranka wajen saukar Alƙur'ani, naɗin sarauta, gasar ƙwallon unguwa ko taron siyasa. Wata rana sai ka ga waya ta gaza: ta ɗauki zafi, memori ya cika, bidiyon awa uku ya ƙi fita. A nan ne ake tsallakawa zuwa kwamfuta. Tsarin da aka fi bi, daga Bebeji zuwa Kwanar Ɗangora, daga Tudun Wada har Riruwai, kusan iri ɗaya ne: laftof ta hannu da ake jefawa a jaka a tafi da ita wajen taro, da kwamfutar tebur mai ɗan ƙarfi da ke zaune a shago ko a ɗaki, inda ake zama a yi editin.

Inji biyu ke nan, mutum ɗaya. Sai tambaya ta taso: manhajar da zan yi aiki da ita, lasisi ɗaya ya ishe ni ko sai na sayi biyu? Amsar da ake samu a kasuwa sananniya ce: kawo filash a zuba maka kirak, wato manhajar da aka fasa makullinta. Ni kuwa ra'ayina shi ne, ga mai bidiyo a Kano ta Kudu, kirak da biyan kuɗin wata-wata duk tarko ne, kowanne da irin kamunsa. Abin da ya dace da mu shi ne manhajar da lasisinta ba ya jiran dala, ba ya jiran sabis, kuma ba ya ƙirga maka inji. Akwai su, kuma sun isa a ci abinci da su.

Me ka saya idan ka sayi manhaja?

Idan ka sayi buhun shinkafa a kasuwar Tudun Wada, ya zama naka. Ka ci, ka sayar, ka yi kyauta, babu mai tambayarka. Manhaja ba haka take ba. Kuɗin da ka biya na izinin amfani ne, kuma izinin yana da sharuɗɗa. Ya fi kama da hayar gona: kai ke noma, amfanin naka ne, amma ƙasar ta mai ita ce, kuma shi ya faɗi iyaka da wa'adi. Wannan dogon rubutun da muke danna masa amincewa ba tare da mun karanta ba, shi ne takardar hayar.

Kamfanoni sun sha bamban wajen abin da suke ɗaura lasisin a kansa. Adobe, mai Premiere Pro, a kan mutum yake ɗaurawa. Za ka iya shiga asusunka a kwamfuta biyu, amma ba a yarda ka yi aiki da manhajar a duka biyun a lokaci guda ba, kuma ba a yarda wani ya yi aiki da sunanka ba. Ma'ana, laftof da kwamfutar tebur duk sun shiga cikin lasisi ɗaya matuƙar kai kaɗai ne. Amma ranar da kake wajen biki a Kiru da laftof a buɗe, yaronka kuma yana shago yana editin da asusunka, kun fita daga yarjejeniya. Camtasia, wadda masu darussan kwamfuta ke ɗaukar fuskar allo da ita, ita ma haka take: inji biyu, mutum ɗaya, ba a lokaci guda ba.

DaVinci Resolve Studio, ta kamfanin Blackmagic Design na Ostareliya, sau ɗaya ake biya, kusan dala 300. A ba ka lambar makulli da ke aiki a kwamfuta biyu, ko kuma ɗan dongul mai kama da filash wanda duk injin da ka soka shi nan lasisin yake. Final Cut Pro ita ma kusan dala 300 ce sau ɗaya, sai dai a kwamfutar Apple kaɗai take aiki. Shi kuwa Windows ɗin da ya zo da laftof daga kamfani, a jikin injin lasisinsa yake, ba ya tashi ya koma wata kwamfutar. Akwai wani abu a nan da ya kamata mai sayen ta hannu ya sani: tun daga zamanin Windows 8, makullin yana binne ne a cikin allon injin. Laftof da yawa da ake sayarwa a Titin Beirut ko Farm Centre suna ɗauke da halastaccen lasisi a cikinsu. Idan aka zuba irin Windows ɗin da ta zo da shi, da kansa yake buɗewa. Amma sau da yawa sai a goge a zuba wani na kirak, mai kaya ya tafi da jabu alhali yana da na gaske a hannu.

Sai kashi na ƙarshe, wanda ba a cika maganarsa a shagunanmu ba: lasisin 'yanci. Shahararre a cikinsu shi ne GPL, wanda Richard Stallman ya fitar a 1989. Manhajar da ke ƙarƙashinsa za ka iya zuba ta a inji ɗaya ko ɗari, ka yi kasuwanci da ita, ka kwafa wa abokinka a filash, duk da izinin masu ita. OBS Studio, Kdenlive, Shotcut, HandBrake da Audacity duk a nan suke.

Ɗauka ba ta buƙatar ko sisi

Rabin matsalar inji biyu tana warwarewa da zarar ka lura cewa aikin da laftof ke yi a wajen taro bai kai a biya masa lasisi ba. Me take yi? Ko dai tana karɓar fayil daga memorin kyamara da wayoyi, ko tana naɗar hoto kai tsaye ta ɗan akwatin HDMI, ko tana watsa taro a Facebook da YouTube. Na farko kwafa ce kawai. Na biyu da na uku kuwa OBS Studio ce gwanarsu. Tun 2012 take, kyauta ce, ba ta manna tambari a bidiyo, ba ta neman rijista, kuma tana aiki a Windows, Mac da Linux. Da ita za ka haɗa kyamara biyu, ka ɗauko murya daga injin lasifika, ka rubuta sunan mai jawabi a ƙasan allo.

Wasu ƙananan abubuwa ne ke ɓata aiki tsakanin injin biyu, kuma ba su da alaƙa da tsadar manhaja. A OBS, ka naɗa a tsarin MKV. Idan batir ya mutu ko janareta ya shaƙe a tsakiyar tafsiri, abin da aka riga aka naɗa yana nan, saɓanin MP4 na gargajiya da kan lalace gaba ɗaya idan bai rufe da kyau ba. Daga baya OBS ɗin da kanta za ta mayar maka da shi MP4 cikin ɗan lokaci. Filash ko faifan ajiyar da za ka ɗauki aiki da shi, ka tsara shi a exFAT, domin FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya haura gig 4. Bidiyon waya kuma yakan zo da gudun hoto mai hawa da sauka, shi ya sa wani lokaci baki ke motsi murya na biyowa daga baya. HandBrake na daidaita wannan kafin a fara editin.

Akwai ma lasisin da ke ɓoye a cikin bidiyon kansa. Tun 2017 wayoyin iPhone ke naɗa a tsarin HEVC, wayoyin Android da dama ma sun bi sahu. Wannan tsari yana da masu haƙƙin ƙirƙira, shi ya sa wata kwamfutar Windows ke ƙin nuna hoton sai an sayi ɗan ƙarin da Microsoft ke sayarwa ƙasa da dala 1. Idan ba ka son wannan wahala, ka shiga saitin kyamarar wayar ka koma H.264 kafin taro.

To idan ɗauka kyauta ce, saura inji ɗaya ke nan da za a yi wa tunani: na editin.

Kayan aro ba ya rufe katara

A 2013 Adobe ya daina sayar da sababbin manhajojinsa sayen dindindin, ya koma karɓar kuɗin wata-wata. Ga kamfanin talla a Legas ko Landan, wannan ba komai ba ne. Ga mai shago a Tiga ko Kafin Maiyaki, lissafin daban yake.

A farashin Amurka, Premiere Pro kaɗai ya haura dala 20 a wata. Idan aka lissafa dala a kan naira 1,500, shekara guda ta tasam ma naira 400,000. Kwatanta da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024, ko 71,000 na jihar Kano. Kuɗin shekara ɗaya na Premiere ya kusa sayen DaVinci Resolve Studio ɗungurungum, wadda zuwa yanzu sababbin fitowarta ma kyauta ake ba waɗanda suka saya. Kuma kuɗin haya da dala ake yanke shi, kai kuwa da naira ake biyanka. A watan Yunin 2023 aka saki naira, dalar da ke kusan 460 a hukumance ta haura 1,500 cikin 2024. Kuɗin ɗaukar biki bai ninka sau uku ba, amma hayar manhaja ta ninka.

Ko kana da kuɗin, biyan ma aiki ne. Daga 2022 bankuna da dama suka rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya suka rufe ƙofar gaba ɗaya. Sai a tsakiyar 2025 wasu suka sake buɗewa. A tsawon wannan lokaci, mai niyyar biya ta halal ma sai ya bi ta katin dala na manhajojin kuɗi da ƙarin caji.

Sai maganar sabis. Manhajar haya tana leƙa gida lokaci zuwa lokaci don ta tabbatar ka biya. A ƙa'idar Adobe, mai biyan wata-wata yana da kwana 30 ba tare da intanet ba, mai yarjejeniyar shekara kuma kwana 99. Wannan ba tsanani ba ne a takarda. Amma duk wanda ya bi hanyar Tudun Wada ta dajin Falgore zuwa Doguwa ya san yadda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, kuma tun da aka amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a farkon 2025, kwamfutar shago ba kullum take kan intanet ba. Ranar da wa'adin zai cika ba ta duba ko gobe ne za a kai amarya.

Abin da ya fi damuna shi ne ranar da ka kasa biya. Manhajar ta rufe. Fayilolin aikinka suna nan a kwamfutarka, kana kallonsu, amma ba za ka iya buɗe su ba. Mai biki ya dawo bayan wata uku yana so a cire wani wuri, sai ka sake biyan haya kafin ka taɓa aikin hannunka. Fita ma da tara: tsarin shekara da ake biya wata-wata, idan ka soke bayan kwana 14 na farko, rabin kuɗin watannin da suka rage za a caje ka. Kan wannan ne hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta kai Adobe kotu a watan Yunin 2024, bisa zargin ɓoye tarar da wahalar da mai son fita. A watan Oktoban 2019 kuwa, kamfanin ya sanar da cewa zai rufe asusun duk masu amfani da shi a Benezuwela saboda takunkumin gwamnatin Amurka. Daga baya ya samu izini ya janye, amma darasin ya fito: wanda ke haya, siyasar wata ƙasa ma tana iya rufe masa shago.

Kirak: arahar da ke cin mai ita

Na san hujjar masu kirak, kuma ba ta banza ba ce. Za su ce kamfanin bai yi farashinsa don mu ba, ba zai ji a jikinsa ba idan wani yaro a Kiru bai biya ba, kuma da ba don kirak ba da yawancin editocin Arewa ba su koyi aikin ba. Akwai gaskiya a ciki. Shekaru goma sha biyar da suka wuce zaɓin ya yi kaɗan. Yau ba haka ba ne, kuma farashin kirak ya tashi, sai dai ba a wajen mai zubawa ake biyansa ba.

Fara da matsalar inji biyu. Kirak ba ya sabuntawa, kowanne da shekarar da aka samo shi. Sai ka tarar laftof na ɗauke da fitowar bana, kwamfutar shago na da ta shekara uku baya. Ka fara yanka aiki a laftof a masauki, ka dawo shago, tsohuwar ta ƙi buɗe fayil ɗin da sabuwa ta ajiye. Wannan ba tsautsayi ba ne, haka manhajar take. Mai halastacciya, ta kuɗi ko ta kyauta, zai daidaita injinansa biyu su zama fitowa ɗaya, magana ta ƙare.

Na biyu ya fi muni. Umarnin farko da ke zuwa da kowane kirak shi ne ka kashe anti-bairos. Wato ka kori maigadi, sannan ka buɗe wa baƙon da ba ka sani ba ƙofa. Wannan na daga cikin hanyoyin da manhajojin satar bayanai irin su RedLine da Lumma ke yaɗuwa. Abin da suke kwasa shi ne kalmomin sirrin da ka ajiye a burauza, da ƙananan fayilolin da ke shaida wa Facebook da Google cewa ka riga ka shiga. Ɓarawon da ya samu waɗannan ba ya buƙatar kalmar sirrinka, ba ya buƙatar lambar da ake turo maka a waya. A watan Mayun 2025 Microsoft ya ce ya gano kwamfutocin Windows sama da 394,000 da Lumma ta kama cikin wata biyu kacal.

Yanzu ka duba abin da ke cikin kwamfutarka. Tashar YouTube da ka sha wuya kafin ta kai mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo. Shafin Facebook, wanda tun tsakiyar 2024 aka buɗe wa 'yan Najeriya hanyar samun kuɗi da shi. Imel ɗin da ke haɗe da bankinka. Sannan amanar mutane: bidiyon kamu da wunin mata da aka yarda ka ɗauka don an san gidanku. A garuruwanmu, idan irin wannan ya fita, ba wanda zai saurari bayanin bairos. Sunanka da na mahaifinka za a kira.

Haka nan asusun Adobe na naira dubu kaɗan da ake tallatawa a WhatsApp da Telegram. Yawanci gurbi ne a asusun wata makaranta ko wani kamfani da ba ka sani ba. Mai riƙe da shi na iya cire ka ko da yaushe, kuma ba ka da inda za ka kai ƙara.

Ta fuskar doka, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta lissafa manhajar kwamfuta cikin ayyukan da take karewa. Ba na jin jami'an hukumar za su yi sammako zuwa wani shago a Bebeji gobe. Amma dokar da ta kare Premiere ita ce dai ta kare bidiyonka. Mun ga yadda satar fasaha da turin fim a waya suka durƙusar da kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai, har masu shirya fim suka koma YouTube da tashoshin talabijin da shirye-shirye irin su Izzar So da Labarina. Mai bidiyon da ke kumfar baki idan wani shafi ya kwashe aikinsa ya goge tambarinsa, ya kamata ya tambayi kansa da me ya yi editin ɗin. Malamai ma sun tattauna batun: Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a watan Disamban 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙi ne da shari'a ta kare.

Kyautar da ke da igiya

Wani zai ce to ai CapCut na kwamfuta kyauta ce, me ya kai ni wannan dogon zance? Kyauta kala biyu ce. Akwai wadda lasisi ya tabbatar maka, akwai wadda kamfani ya ga dama ya ba ka yau. Masu amfani da CapCut sun ga yadda abubuwan da suke taɓawa kyauta suka riƙa komawa ɓangaren masu biya. A ranar 19 ga Janairun 2025, manhajar ta daina aiki a Amurka tare da TikTok saboda dokar da ta shafi kamfanin ByteDance, kafin ta dawo bayan 'yan kwanaki. A watan Yunin shekarar kuma sharuɗɗanta suka tayar da ƙura, saboda faffaɗan izinin da suke ba kamfanin kan abin da mutum ya loda a rumbunsu, har da fuska da murya. Irin wannan sharaɗi ba CapCut kaɗai ke da shi ba, amma mai ɗaukar bikin mutane ba fuskarsa yake lodawa ba, ta 'ya'yan wasu ce, kuma tun 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a.

Waƙoƙi da ƙawace-ƙawacen da ke cikin irin waɗannan manhajoji ma da nasu lasisin. Da yawa don nishaɗin kai aka ba da su, ban da talla. Idan ka yi wa mai shagon taki ko mai injin casar shinkafa bidiyon talla da su, ko ka ɗora a YouTube, kana iya wayar gari an toshe muryar ko kuɗin tallan ya tafi wajen mai waƙar. Ko kalmar "har abada" sai an karanta ta da kyau. A ƙarshen 2022 waɗanda suka sayi lasisin dindindin na Filmora sun tarar ana neman su sake biya don sabuwar fitowa, sai da aka yi ta ƙorafi kafin kamfanin ya sassauta.

Tsarin da nake ba da shawara

A laftof, OBS Studio da HandBrake da VLC sun wadatar. A kwamfutar tebur, ka duba ƙarfinta. Idan tana da ram gig 16 da katin hoto mai kyau, ka zuba DaVinci Resolve ta kyauta. Tun 2011 kamfanin ke ba da ita, an yarda a yi kasuwanci da ita, tana fitar da bidiyo har 4K, kuma ba ta manna tambari sai ka taɓa wani abin da aka keɓe wa Studio. Ita ba ta 'yanci ba ce kamar OBS, ta kamfani ce, amma ba ta neman kuɗin wata. Idan injin bai kai nan ba, Kdenlive ko Shotcut za su ɗauke ka, musamman idan ka kunna tsarin da ke yin ƙaramin kwafin bidiyo don editin ya yi sauƙi, sai wajen fitarwa a koma kan na asali. Duk abin da ka zaɓa, ka zuba fitowa iri ɗaya a injin biyu, ka ajiye fayil ɗin zubawar a filash. Kuma daga shafin masu manhajar za ka sauke, domin an sha kama shafukan bogi da ke kwaikwayon OBS da CapCut suna raba bairos.

Za a ce sitidiyo da dama a birnin Kano da Premiere suke aiki, wanda bai iya ta ba zai rasa shiga. Gaskiya ne tana da kasuwa. Amma abin da ake koya a editin shi ne ido da kunne: inda za a yanke, yadda za a gyara murya, yadda za a daidaita launi. Wanda ya iya wannan a Resolve, mako biyu sun ishe shi ya gane maɓallan Premiere. Idan kuma babban aiki ya zo da sharaɗin sai da ita, ka ɗauki tsarin wata ɗaya zalla. Ya fi tsada a wata, amma babu tarar fita, kuma ka sa kuɗin a cikin lissafin mai aiki kamar yadda kake sa kuɗin mota da man janareta.

Idan ku uku ne ko huɗu kuke son haɗa ƙarfi, kada ku yi karo-karo a kan asusun Adobe ɗaya, domin lasisinsa bai yarda ba. Ku yi adashin ku sayi ram, makirfo mai kyau, batir da farantin sola. Mai kallo bai taɓa tambayar da wace manhaja aka yi aiki ba, amma yana gane murya mai ƙara tun daga daƙiƙar farko. In sana'a ta bunƙasa har kuna buƙatar abin da ke cikin Studio, ku saya sau ɗaya, makullin ya ɗauki kwamfutar shago da laftof.

Akwai kira ga wasu ma. Masu zuba manhaja a shaguna, babu abin da za ku rasa idan kuka ajiye folda ta manhajojin 'yanci. Kuɗin aikinku yana nan, kuma kwastoma ba zai dawo da kukan an kwashe masa shafi ba. Cibiyoyin koyar da kwamfuta, ku daina yaye ɗalibai a kan manhajar da ba za su iya saye ba. Su kuma masu raba wa matasa laftof da sunan tallafi, a mazaɓar Kiru da Bebeji ko ta Tudun Wada da Doguwa, su tambayi ɗan kwangila abin da ya zuba a ciki kafin a ɗauki hoton rabo.

Kai kuma da ke shirin tashi daga waya zuwa kwamfuta, kafin ka zuba kowace manhaja ka nemi amsar abu huɗu: mutum nawa aka yarda su yi aiki da ita, a inji nawa, kwana nawa za ta yi ba intanet, kuma me zai faru da aikinka ranar da ka daina biya. Duk suna rubuce a shafin kamfanin, kuma karanta su bai kai cin datar bidiyon TikTok biyar ba. Lokacin bukukuwan bayan girbi da tarukan siyasa aiki zai yi yawa, kuma wanda injinansa biyu ke buɗewa ba tare da neman izinin kowa ba shi zai kai aiki a kan lokaci.